Duba ƙafar mota da sitiyari: inda ake farawa, abin da ake canzawa, da abin da ba a yi wa faci

Motar da ke wuni tsakanin Aboabo, Asawase da Kejetia a Kumasi, tana hawa tudun rage gudu tana faɗawa rami, ƙafarta ce ke fara gajiya kafin inji. Abin da ke ruɗar masu mota shi ne, a ƙarƙashin mota ba mai surutu ba ne mai kisa. Link ɗin sitabilaiza, ɗan ƙarfen nan mai araha da ke haɗa ƙafa da sandar da ke rage karkatar mota a kwana, idan ya saki zai cika maka kunne da ƙwal-ƙwal har ka rasa sukuni, amma ba zai jefa ka kwata ba. Bol-joyin da tayarod kuwa suna iya cinyewa shiru, sai ranar da suka fita daga gurbinsu taya ta kwanta a tsakiyar titi. Shi ya sa ake bin aikin daki-daki: a duba, a tabbatar da mai laifi, a sayi kaya, a ɗaura, sannan a yi alaimen, wato daidaita tayoyi da na'ura. Wanda ya fara da alaimen ya zubar da kuɗinsa.

Yawancin ƙananan motocin da ke aikin tasi a Kumasi, irin su Vitz, i10, Picanto da Corolla, tsarin gabansu ɗaya ne. Shok yana cikin sifirin mai murɗi, samansa ɗaure da bodi ta hanyar mauntin, ƙasansa ɗaure da nokul, wato ƙarfen da ke ɗauke da boris da birki. Daga ƙasa lowa-am ne ke riƙe nokul: bakinsa na waje yana da bol-joyin, na ciki yana da bushin roba biyu. Sitiyari yana murɗa rak, wato sandar haƙora da ke kwance tsakanin tayoyin gaba, rak yana tura tayarod na ciki, na ciki yana tura na waje, na waje yana juya nokul. Bayan irin waɗannan motoci ba shi da yawan kaya, ƙarfe ɗaya ne ya ratsa daga taya zuwa taya, sai sifirin da shok. Sprinter, Urvan da akori-kura kuwa sifirin ganye ne a bayansu.

Kafin a ɗauko jak

A fara da taya, tana sanyi, mota a kan daɓe mai daidai. A auna iska a gwada da abin da ke rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba; ƙananan motoci galibi tsakanin 30 ne da 33 a ma'aunin fulkanaiza. Bambancin iska tsakanin hagu da dama kaɗai ya isa ya sa mota ta riƙa ja gefe guda, a je a zargi rak da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Sai ka shafa fuskar tayar da tafin hannu, domin taya ba ta ɓoye abin da ƙafa ke yi mata. Idan gefe biyu suka cinye tsakiya ta rage, iska ce ta yi kaɗan; idan tsakiya ce ta cinye, iska ta yi yawa. Idan gefe ɗaya ne kawai, musamman na ciki wanda ba ka gani sai ka murɗa sitiyari har ƙarshe, to taya ta karkace, ko daga alaimen ko daga bushin da ya yage. Idan ka shafa ta wannan ɓangare ka ji santsi, ka dawo ka ji kaifi kamar haƙoran zarto, tayoyin gaba ba su fuskanci gaba daidai ba, kuma tayarod za a fara tambaya. Idan kuwa cin ya zo kwari-kwari, nan tudu nan rami a kewayen tayar, shok ya mutu, taya tana tsalle a kan kwalta. Zanen da zurfinsa bai kai milimita 1.6 ba ya gama aiki. Lambobi huɗu na ƙarshe a jerin DOT da ke gefen taya su ne mako da shekarar ƙira: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tayar hom-yus, wato ta hannu da aka shigo da ita daga waje, tana iya zuwa da zane mai kyau amma robar ta tsufa ta tsattsage.

Ɗauki tef ka auna daga tsakiyar wili zuwa bakin fenda a kowace kusurwa. Hagu da dama su yi kusan ɗaya. Idan bambancin ya wuce santimita ɗaya da rabi, sifirin ya kwanta ko ya karye, kuma karayar ta fi faruwa a zagayen ƙarshe na ƙasa, inda laka ke taruwa ta ci shi da tsatsa. Sannan ka danna kowace kusurwa da ƙarfi sau uku ka saki. Mota ta taso ta zauna. Idan ta ci gaba da lilo, shok ya tafi. Amma fa wannan gwajin mataccen shok kawai yake kamawa, mai rabin rai yakan tsallake.

Gwajin hanya a yi shi gilashi a sauke, rediyo a kashe. Ƙwal-ƙwal mai sauri a kan ƙananan gargada, wanda yakan ɗauke a kwalta mai santsi, link ne ko robar sitabilaiza. Dum guda ɗaya lokacin taka birki ko tashi daga tsaye, babban bushin lowa-am ne. Ƙas-ƙas-ƙas idan an murɗa sitiyari har ƙarshe ana tafiya a hankali, kan shaf ne na waje, wato sandar da ke juya taya daga giya, ba ruwan shok. Gurnani mai ƙaruwa da gudu boris ne: idan ya ƙaru sa'ad da ka karkata hagu, galibi na dama ne, domin can nauyi ya koma. Ƙara kamar tsohuwar ƙofa ko ɗan tsalle a sifirin idan ana murɗa sitiyari a tsaye, boris ɗin mauntin ne. Rawar sitiyari tsakanin kilomita 80 da 110 a awa balansin ne ko wili ya lanƙwashe, rawar da ba ta zuwa sai an taka birki kuma faifan birki ne. Idan mota tana ja gefe, musanya tayoyin gaba biyu, hagu ta koma dama, in ba masu kibiya ba ne da ke bin hanya ɗaya. Idan jan ya koma ɗaya gefen, laifin taya ne. Ɗan ja zuwa dama kaɗan ba abin damuwa ba ne, titi ne aka gangarar da shi wajen kwata don ruwa ya wuce.

Ɗagawa da girgizawa

A ja birkin hannu, a sa waigi a tayoyin baya, a sassauta notocin taya tun mota tana ƙasa. A ɗaga, a zaunar da ita a kan sitan na ƙarfe. Jak don ɗagawa aka yi shi, ba don riƙewa ba, bulon siminti kuma yana fashewa ba sallama. Tayar da aka cire a tura ta ƙarƙashin bodi ta zama kariya ta biyu.

Kafin a cire tayar, a mayar da ɗaurin notocinta don girgizawa, aikin mutum biyu ne: ɗaya yana girgizawa, ɗaya yana kwance da tocila. Kama taya sama da ƙasa, ka tura sama ka jawo ƙasa. Idan akwai wasa, a sa wani ya taka birki a sake gwadawa. Wasan ya ɓace, boris ne. Yana nan, bol-joyin ne. Sai ka kama ta gaba da baya ka kaɗa gajere-gajere. Wasa a nan na tayarod ne. Mai tocila ya dafa na waje da hannu, zai ji ƙwanƙwasa idan shi ne. Idan ba shi ba, ya matse robar rak har ya kama kan na ciki ta cikinta, a sake kaɗawa.

Akwai wurin da ko ƙwararru kan yi tuntuɓe. A motar da shok da sifirin suke haɗe a kan nokul, taya tana rataye ake gwada bol-joyin. Amma a motar da nauyinta yake kan lowa-am, sifirin yana danne joyin ɗin ko da taya tana sama, sai a girgiza a ji shi gam alhali ya cinye. Irin wannan a ƙarƙashin lowa-am ake sa jak, kusa da taya, sannan a cusa liba a ƙarƙashin tayar a ɗaga ana kallon joyin.

Bayan an cire taya, a bi robobi ɗaya bayan ɗaya. Robar da ta yage a kan bol-joyin, tayarod, rak ko shaf hukunci ce da aka riga aka yanke: ruwan damina ya shiga, jar ƙasa ta biyo baya, giris ya zama kamar yashin goge tukunya. A Kumasi da ke da damina biyu a shekara, ga ƙurar hunturu a kai, joyin mai yagaggiyar roba ba ya daɗewa. Bushin lowa-am a sa masa liba a banƙara. Ɗan motsi mai dawowa daidai ne. Tsaga mai zurfi ko roba da ta rabu da ƙarfenta, canji. A duba ko man inji ko na sitiyari yana ɗiga a kansa, domin mai yana narkar da roba, kuma in ba a toshe yoyon ba sabon ma haka zai bi. Shok mai ɗan danshi da ƙura ta manne a kai yana da sauran aiki, wanda mai ya gangaro jikinsa ya jiƙe ya gama.

Sitiyari

Tayoyi a ƙasa suna kallon gaba, inji yana aiki, murɗa sitiyari da yatsu biyu hagu da dama har ka ji tayoyi sun fara amsawa. Toyota ta sa iyakar wannan wasa a milimita 30 a bakin sitiyarin. Idan ya wuce haka kuma tayarod lafiya suke, a duba ɗan joyin da ke sandar sitiyari kusa da fedar birki, da robobin da suka ɗaure rak a jikin mota. Rak yana da notin da ke matse shi, kuma an saba ƙara masa ɗauri don a kashe ƙara. A yi hattara: rak a tsakiya yake cinyewa, idan aka matse tsakiyar sai gefe biyu su yi tauri, sitiyari ya daina komowa da kansa bayan kwana.

Sitiyari mai famfon mai, a duba tankinsa. Man da ya yi baƙi yana warin ƙuna a canza shi. Kumfa alama ce iska tana shiga, galibi ta tiyon da ke kawo mai daga tanki zuwa famfo. A zuba irin man da aka rubuta a murfi: Toyota da yawa man giya na Dexron suke sha, Honda kuwa nata na musamman take so. Man birki ba ya shiga nan ko da wasa, zai kumbura duk robobin ciki. A matsa robar rak ta kowane gefe. Idan mai ya taru a ciki, sil ɗin rak ya mutu, domin wurin busasshe ya kamata ya zama. Bayan kowane aiki a fitar da iska: gaba a ɗage, inji a kashe, a murɗa daga ƙarshe zuwa ƙarshe kamar sau ashirin ana ƙara mai, sannan a tayar da inji a maimaita. Kada a danne sitiyari a ƙarshe fiye da daƙiƙa biyar, famfo ne ke shan wahala.

Sitiyarin yawancin Vitz, i10 da Picanto, da na Corolla daga ta 2009, na lantarki ne, babu mai babu bel. Idan irin wannan ya yi nauyi ko fitilarsa ta kama, batir da altaneta ake fara aunawa kafin a taɓa komai. Inji yana aiki ya kamata a ga wajen bolt 14. A wasu Hyundai da Kia akwai 'yar roba mai kamar tauraro a cikin injin sitiyarin, idan ta ragargaje sai a riƙa jin ƙwas-ƙwas a hannu. Ita kaɗai ake canzawa, ba sandar gaba ɗaya ba.

Sai motocin da aka juya musu sitiyari. Tun 4 ga Agusta 1974 Ghana ta koma tuƙi a hannun dama, motocin da ake yi don kasuwar Japan kuwa da sitiyari a dama ake ƙera su, sai a mayar da shi hagu. Wanda zai sayi irin wannan, ko aka kawo masa gyara, ya leƙa ƙarƙashin dashbod da tocila. Sandar sitiyari da aka yanke aka yi wa walda, ko mazaunin rak da aka huda aka liƙa da ƙarfen gini, ba abin da za a rufe ido a kai ba ne. Wajen sayen kaya kuma a tuna rak ɗin da ke ciki ba lallai ya zama na asalin motar ba, don haka a tafi da tsohon a hannu.

Sayen kaya

A Suame Magazine, unguwar makanikai da kayan mota ta Kumasi, babu abin da ba a samu, sabo, hom-yus da na ƙirar gida, haka ma Abossey Okai ga wanda ke Accra. A tafi da lambar shasi da tsohon kayan, a jera su gefe da gefe, a gwada tsawo, zare da kaurin kan joyin. Corolla da ta fito daga Amurka da wadda ta fito daga Turai suna iya bambanta ko da shekararsu ɗaya.

Hom-yus yana da inda yake da amfani: nokul, sifirin, rak, ƙarfen lowa-am. Shok na hom-yus a riƙe shi a tsaye a danna a ja. Ya yi tauri iri ɗaya daga farko har ƙarshe, ba wurin da zai zurma. Bol-joyin da tayarod kuwa a sayi sabo mai suna. Joyin mai kyau ba ya juyawa da yatsa sai an sa ƙarfi. Dabarar nan ta bubbuga gindin tsohon joyin da guduma, ko a cusa masa roba don ya yi tauri, kashe ƙara kawai take yi, ƙarfen da ya cinye bai dawo ba. Haka huda shok a ɗura masa mai. Bushin da ake yankawa daga tsohuwar tayar babbar mota zai iya fitar da mutum kunya a sitabilaiza, amma a lowa-am ya cika tauri, yana mayar da dukan hanya kan bodi. Shok da sifirin bibbiyu ake canza su, hagu da dama tare.

Ɗaurawa

Tayarod na waje: goge zaren da burushin waya, sa alamar fenti, sassauta notin kulle tun kan yana cikin nokul. Cire fin, kwance notin sama. A fitar da kan da abin matsa joyin. In babu, a doki gefen nokul da guduma, kada a doki kan zaren. Ƙirga zagaye nawa ya yi kafin ya fita, ka mayar da sabon da wannan adadi. Wannan zai kai ka wurin alaimen ne kawai, bai maye gurbinsa ba, domin sabo da tsoho ba sa rasa ɗan bambancin tsawo. A Corolla ta 2003 zuwa 2008 notin yana ɗaukar Nm 49 a ma'aunin ƙarfin ɗauri. Idan ramin fin bai yi daidai ba, a ƙara ɗauri kaɗan, ba a sassautawa. Fin sabo, ba ƙusa ba.

Bol-joyin wani da kusoshi yake, wani matse shi ake yi da fires, wato injin matsewa, wani kuma haɗe yake da lowa-am sai an canza duka. Lokacin da aka raba nokul da lowa-am, kada a bar shi ya faɗo waje ya zaro shaf daga giya, kada kuma ya rataya a tiyon birki ko wayar ABS. A ɗaure shi da waya.

Bushin shi ne inda aiki mai kyau ya fi lalacewa a minti na ƙarshe. Robar ba juyawa take yi a kan kusa ba, murɗewa take yi. Idan aka ɗaure kusar tamau mota tana rataye, da an sauke ta robar ta riga ta murɗe tun ba a tafi ko'ina ba, bayan 'yan watanni ta yage, maigida ya ce masta ya sayo masa jabu. A sa kusoshin da hannu, a sauke mota a kan tayoyinta ko a ɗaga lowa-am da jak har ya ɗauki nauyi, sannan a ɗaure. Bushin da ke da kibiya ko ramuka a jikinsa yana da fuskar da yake kallo, a lura da yadda tsohon ya zauna kafin a fitar da shi. Ruwan sabulu ake shafa masa, ba giris ba.

Shok na gaba: a cire link, a saki tiyon birki da wayar ABS daga jikinsa, a kwance manyan kusoshi biyu na nokul, sannan notoci na sama a cikin bonet. Notin tsakiya ba a taɓa shi sai shok ya fito an matse sifirin da kwamfaresa biyu, wato ƙarafan matse sifirin, ɗaya a kowane gefe, ana ɗaure su bi da bi har sifirin ya saki mazauninsa. Sifirin da aka ɗaure da igiya ko waya, ko aka sa yara suka danne, idan ya kuɓuce yana karya muƙamuƙi. Sabon shok a tsayar da shi a danna a ja sau huɗu ko biyar kafin a ɗaura. Kada a kama sandarsa mai sheƙi da filaya, ƙarzuwa ɗaya ta isa ta yanka sil. A sa sabuwar robar ƙura da robar tsayawa, a duba mauntin, a zaunar da bakin sifirin a gurbinsa. Masu sa zobe a kan shok don mota ta ƙara tsayi saboda tudun hanya su yi a hankali: idan ya yi kauri, shaf da bol-joyin suna aiki a karkace, su ne za su biya.

Idan za a cire rak, a daidaita tayoyi, a ɗaure sitiyari da bel ɗin kujera. Idan ya juya shi kaɗai, siririyar wayar da ke naɗe a bayansa, mai kai wuta ga hon da jakar iska, za ta tsinke. Duk aikin da ya kusanci jakar iska a cire kan batir a jira aƙalla daƙiƙa 90.

Motocin haya masu ɗaukar buhunan albasa da doya a hanyar Techiman da Tamale, sifirin ganye ne ciwonsu. A duba ganyen da ya tsage, robobin kunne, da kusar tsakiya da ke haɗe ganyayen. Idan wannan kusar ta karye, aksul yana zamewa baya ta gefe ɗaya, sai ka ga mota tana tafiya a karkace kamar kaguwa. Abin da ke karya ta galibi kusoshin U ne da suka saki, don haka a sake ɗaure su bayan kwana biyu ko uku da aiki. Ganye ba a yi masa walda. Ƙara ganye yana ɗaga mota, amma bai ƙara wa birki, boris ko taya ƙarfi ba.

Alaimen

Notocin taya a ɗaure su a tsallake-tsallake, mota a ƙasa. Ƙananan Toyota Nm 103 suke so, ba tsalle a kan sifana ba. Sai a wuce wurin alaimen, iska daidai, but babu kaya. Mai aikin ya kulle sitiyari a tsakiya ya gyara tayarod na hagu da na dama duka. Idan gefe ɗaya ya murɗa, ko ya zare sitiyari ya mayar don ya miƙe, mota za ta fi shan kwana ta gefe guda. Ya kuma sassauta ɗaurin ƙaramin bakin robar rak kafin ya juya tayarod, kada ta murɗe ta yage. A yawancin ƙananan motocin nan daidaita bakin tayoyi kaɗai ake iya yi. Idan na'ura ta nuna taya ta kwanta ciki ko waje fiye da ƙima, wani ƙarfe ne ya lanƙwashe, shok, nokul ko lowa-am, sai a koma a nemo shi. Motar da ke da sitiyarin lantarki ko na'urar hana zamewa takan buƙaci a sake saita mata tsakiyar sitiyari da kwamfuta.

A karɓi takardar awon kafin da bayan gyara a ajiye. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 a sake bin notocin taya da duk kusar da aka taɓa. Motar haya da ke zuwa gwajin DVLA, hukumar lasisin direbobi da motoci ta Ghana, duk wata shida, a yi mata wannan girgizar taya mako guda kafin ranar, motar gida kuma a yi mata duk lokacin da aka ɗaga ta canjin mai.